Gyaran mai fenti

Shagon Alhaji Bakano ne a unguwar Misfala, Makka, ana gab da zuwan alhazai. An kafa sabon allo, fenti bai gama bushewa ba. Sai ga Bazazzagi, ɗalibi a Jami'ar Ummul Ƙura, ya tsaya ya ɗaga kai.

Bakano: Bawana, karanta da ƙarfi maƙwabta su ji. Bana har alhazan Ingila sai sun shigo.

Bazazzagi: ALHAJIS' SHOP. DATE'S, CAP'S, PERFUME'S, CHILDRENS' SHOE'S. ITS CHEAP. Inna lillahi! Alhaji, wa ya watsa maka waƙafin sama haka kamar ana ba kaji tsaba?

Bakano: Gyara ce. Mai fenti ya ce kowane harafi riyal 5, wannan ɗan ƙugiyar kuwa kyauta. Na ce zuba, kada ka ji tsoro.

Bazazzagi: To ai aikinsa biyu ne a Turanci: ya nuna mallaka, ko ya tsaya a gurbin harafin da aka haɗiye. Jam'i ba ruwansa da shi. Dabino da yawa dates ne, huluna caps, shi ke nan. Da ka rubuta date's, cewa ka yi dabino ya mallaki wani abu. Me ya mallaka?

Bakano: Ƙwallo.

Bazazzagi: Hular fa?

Bakano: Ba ka da kunya. Mu ma ai muna sa shi a 'ya'ya, har guda biyu, ba wanda ya kai mu ƙara.

Bazazzagi: Namu ana jin sa a baki. Faɗi sa'a ka ji yadda maƙogwaro ke tsayawa. Nasu bebe ne, ido kaɗai ke ganinsa. Su ma a ƙarni na 16 suka aro shi daga Faransa.

Bakano: Ashe kayan aro ne ake mini ɗagawa da shi!

Bazazzagi: Bar wannan, dubi layin farko. Shagon nan na wa ne?

Bakano: Tambaya kake? Nawa ne, gumina ne.

Bazazzagi: Allonka bai ce haka ba. In mai abu ɗaya ne, waƙafin kafin s yake zuwa: Alhaji's, kamar yadda kake gani a McDonald's. In ya koma bayan s, masu abin suna da yawa. Alhajis' shop, wato shagon alhazai. Duk wanda ya sauka a Jidda da harami yana da kaso.

Bakano: Kai! Kaso a ina? Ni da kafilina, wanda ya tsaya mini a ƙasar nan, ma ba mu gama lissafi ba, za a ƙaro mini mutum miliyan? Yaro, ɗauko tsani!

Bazazzagi: Dakata, da saura. Children dama jam'i ne, ba s a ƙarshensa, don haka children's ake rubutawa, kamar men's da women's. Shoes kuma a bar shi tsirara.

Bakano: Tsirara a Makka? Gyara bakinka.

Bazazzagi: Abin dariyar ma na ƙasa. Wuri ɗaya da ake neman waƙafin ido rufe, nan mai fentin ya hana ka. It's shi ne it is, an haɗiye i, kamar yadda do not ke zama don't. Its mara waƙafi kuwa "nasa" yake nufi. Ka rubuta "arharsa", ka yi shiru.

Bakano: Tsaya. Ɗazu ka ce waƙafi na mallaka ne, yanzu ka ce na mallakar ne ba shi da waƙafi?

Bazazzagi: Haka his, hers, ours da yours suke, duk ba a sa musu.

Bakano: Turawan nan ba za su yi kasuwa a Kwari ba. Yaro, kira mini mai fenti.

Yaro ya buga waya, ya saurara, ya rufe bakin wayar da hannu.

Yaro: Alhaji, ya ce gogewa riyal 10 ne kowane ɗaya. Matsarwa 15, don gogewa ce da rubutawa.

Bakano: Sawa kyauta, cirewa da kuɗi? Wannan ɗan wane gari ne?

Yaro: Ya ce a gaishe ka, ɗan Fagge ne.

Bazazzagi: Kano ko da me ka zo an fi ka.

Bakano: Rufe mini baki. Yaro, kawo ƙusoshi da carbi huɗu, ka rataya ɗaya a kan kowane na banza. Na Alhajis' kuwa a biya 15 ɗin yanzu-yanzu, kafin jirgin farko ya sauka.