Gem ɗin chess na kayan wasan yara da ke korar yara

Jiya da daddare na zauna da ɗan yayata muna buga wani gem na darar chess a kwamfuta, irin wanda aka mayar da 'ya'yan darar suka koma kayan wasan yara, sarki ɗan tsana ne da kambi, dokin na katako mai lilo, sojoji takwas ɗin gaba kuma na roba ne. Yaron ya ji daɗi sosai da farko, amma bayan wasa uku ya ture maus ɗin ya ce shi ya gaji, kwamfutar ta cinye shi sau uku a jere alhali matakin da aka ce ya fi sauƙi muka saka. Wallahi abin ya tsaya min a rai.

Ba sabon abu ba ne fa wannan salon. Tun 1988 kamfanin Interplay ya fitar da Battle Chess inda 'ya'yan darar ke tafiya da ƙafa suna faɗa in an zo ci, sannan a 1998 aka yi Lego Chess wanda Krisalis na Ingila suka haɗa, akwai ɓangaren kaboyi akwai na 'yan fashin teku, ka ci ɗa a nuna maka ɗan bidiyon ban dariya. Shekara ɗaya kafin nan, a 1997, kwamfutar Deep Blue ta kamfanin IBM ta doke Garry Kasparov, zakaran chess na duniya a lokacin. Yanzu kuwa Stockfish, wato manhajar da ke buga chess, kyauta ne, kowa zai iya ɗauka ya jona a gem ɗinsa in ya bi sharaɗin lasisin, kuma ba ɗan Adam ɗin da zai iya ja da shi. Ke nan ƙarfi ba shi ne matsalar mai haɗa gem ba.

Eh na sani rubuta dokokin ma aiki ne. A farkon wasa motsi 20 ne kawai mai fari zai iya, baƙi ya mayar sun zama 400, a na uku sun kai 8,902, kuma da waɗannan alƙaluman masu rubuta manhaja ke gwada ko sun yi kuskure, don akwai dokokin da ke ruɗa mutum kamar haɗa motsin sarki da hasumiya lokaci guda, ko sojan da ya kai ƙarshen allo ya rikiɗe ya zama sarauniya. Amma wannan an riga an share hanyarsa.

Inda gizo ke saƙa shi ne koya wa kwamfuta ta yi kuskure irin na mutum. Abin da na gani jiya, za ta yi motsi biyar kamar wata gwanar duniya sai kuma kwatsam ta ajiye sarauniyarta a bakin soja ba gaira ba dalili, yaro ma ya gane bar masa aka yi, kuma duk da haka ta dawo ta cinye shi. Mai koyo ba haka yake kuskure ba, shi kwaɗayin ci ne ke jan shi, ya hango soja a banza ya kai hannu ya manta akwai ɗan da ke kallonsa ta kusurwa daga can nesa, ko doki ya yi masa tsalle ya kama abu biyu lokaci ɗaya. Irin wannan mantuwar ya kamata a zauna a gina, ta rinƙa raguwa a hankali yaro na ƙara gogewa.

Sai kuma sura. Tsarin 'ya'yan dara da ake kira Staunton, wanda aka fara sayarwa a Landan a 1849, ya daɗe ne saboda ko inuwar ɗa ka gani ka san wane ne. In ka sa ɗan tsana da mutum-mutumi da mota duk tsayinsu ɗaya kalarsu na ƙyalli, yaro zai ɓata lokacinsa wajen tambayar wanne ne wanne. Bidiyon faɗan ma a saka maɓallin tsallakewa don Allah, na farko daɗi, na talatin gajiya.

Yau da safe na kashe wasa da kwamfutar muka buga ni da shi a allon gem ɗin, na cire sarauniyata tun kafin a fara. Ya ci ni da dokin katakon nan, har yanzu yana bina wai mu sake.