An ƙone tawadar Allah a ƙafar gwaggona, an zubar da naman a shara

Akwai sana'ar da ta bunƙasa a garin nan ba wanda ya ce uffan, wato cire tawadar Allah. Shagon gyaran jiki yana yi, mai kemis na lungu yana yi, yarinyar da ta koyi gyaran fata a waya tana yi, har da talla a TikTok da Instagram, ga hoton fuska kafin aiki, ga shi bayan aiki, wai minti biyar an gama, ba zafi ba tabo. Duk cikin masu tururuwa zuwa wurinsu babu mai tambaya ina ake kai naman da aka cire. Ni yau ita ce tambayata, kuma raina a ɓace nake yin ta, domin abin ya ci gidanmu.

Gwaggona, ƙanwar mahaifinmu, ta haura sittin. Tun tana budurwa take da ɗan baƙin ɗigo a tafin ƙafarta ta hagu, wajen diddige, bai taɓa damun ta ba. Bara sai ya soma faɗi. Gefensa ya baje ba tsari, launinsa ya rarrabu, nan baƙi ƙirin, can ruwan ƙasa, can ja-ja. Daga baya ta fara ganin jini a silifa in ta dawo daga alwala. Ba mu tsaya jiƙe-jiƙe ba. Asibiti muka nufa, kamar yadda kullum ake yi mana wa'azi a rediyo cewa in an ga sauyi a jiki a garzaya wurin likita.

To mun garzaya. A ƙaramin asibitin unguwa wanda ya duba ta ko sunkuyawa bai yi ba. Daga kan kujerarsa ya leƙo ya ce, "Hajiya, ai tawadar Allah ce, kowa na da ita. Ƙila ƙaya kika taka." Ya rubuta man ƙaiƙayi da farasitamol. Da abin ya ƙi, muka tafi babban asibiti, muka kama layin kati tun asuba, tsohuwa tana ɗingishi, babu wurin zama. Likitan da muka samu a can, Allah ya saka masa, ya duba da kyau, fuskarsa ta canza, ya rubuta takardar turawa zuwa wurin likitan fata. A nan wahalar ta fara. Likitan fata sau ɗaya yake zama a mako, sunayen da ke gabanmu sun cika littafi, aka ba mu rana watanni a gaba. Ranar ta zo ta tarar ana yajin aiki. Da muka koma neman sabuwar rana, wata ma'aikaciya ta dubi tsohuwar nan da ta isa ta haife ta ta ce, "Mama, masu ciwo na gaske suna nan suna jira, ke kin zo mana da maganar kwalliya?" Gwaggo ta ce, "'Yata, wa yake kwalliya a tafin ƙafa?" Har yau in na tuna wannan magana zuciyata tafasa take.

Gwaggo ta gaji. Kuɗin mota ya cinye ta, kunya ta ishe ta, ta daina gaya mana komai. Wata maƙwabciya ta kai ta wurin wani mutum da ake yabo da cire irin waɗannan abubuwa. Ya ɗiga mata wani ruwa daga kwalbar da ba ta da suna, wurin ya ƙone ya yi fari, ya kankare da reza, ya naɗe abin da ya fito a auduga ya jefa kwandon shara, ya karɓi kuɗinsa. Ba na ganin laifinta ko kaɗan. Shi ya karɓe ta nan take, ya kira ta Hajiya, ya ba ta kujera. Asibiti ya hana ta ko da kallo na mutunci.

Bari in faɗi abin da mutumin nan ya yi da hannunsa, don masu ganin ƙaramin abu ne. Tawadar Allah taron ƙwayoyin da ke ba fata launi ne a wuri guda, kuma mafi yawansu lafiya lau suke, mutum ya rayu ya mutu da su ba abin da zai same shi. Amma daga irin waɗannan ƙwayoyi ne dajin fata mafi muni yake tasowa, wanda likitoci ke kira melanoma. Ido kaɗai ba ya yanke hukunci a kansa, ko idon ƙwararre ne. Sai an yanko abin gaba ɗaya da ɗan gefen lafiyayyar fata, an sa a kwalba cikin ruwan fomalin mai hana nama ruɓewa, an kai ɗakin gwaji, likitan binciken tsoka ya yanyanka shi siriri ya duba a madubin ƙara girma. Abin da ya fi nema shi ne zurfi. Dajin da kaurinsa bai kai milimita 1 ba, in an cire shi da kyau, galibi an rabu ke nan. Wanda ya wuce milimita 4 labari ne daban. Da wannan awo ne likitan tiyata ke sanin ko santimita 1 zai ƙara yankewa a kewaye ko 2, da ko sai an bincika kaluluwa. Wanda ya ƙone saman ya kankare ya lalata awon har abada. Tushen yana nan a ƙasa yana ci, tabo ya rufe shi, mai ciwo yana murna ya warke.

Haka kuwa aka yi. Bayan wasu watanni baƙin ya dawo ta gefen tabon, sannan kaluluwa ta fito mata a matsematsi, mai tauri, ba zafi, ba ta sauka. Sai a lokacin ta gaya mana abin da ya faru.

Abin da ke ƙara ƙona mini rai shi ne jahilcin da aka bar mu a ciki. An sa mana a kai cewa dajin fata ciwon Turawa ne, su da ke shanya jiki a rana. Gaskiya ne ya fi yawa a wurinsu nesa ba kusa ba. Amma irin wanda ya fi kama baƙar fata ba ruwansa da rana. A tafin ƙafa yake fitowa, a tafin hannu, da ƙarƙashin farce, wuraren da ba mai dubawa. Bob Marley, mawaƙin nan na Jamaika, baƙin tabo aka gani a ƙarƙashin farcen babban yatsan ƙafarsa a 1977, aka fara ɗauka raunin ƙwallo ne. Melanoma ce. Ta bazu har huhu da ƙwaƙwalwa, ya rasu a watan Mayun 1981 yana da shekara 36. Wannan mutum ne mai kuɗi da likitocin Ingila da Amurka a hannunsa. Ina ga tsohuwar da ke tafiya da silifa a lungu, wadda ma'aikacin lafiya ya ƙi sunkuyawa ya ga ƙafarta?

Alamomin kuma ba wani karatu ne mai zurfi ba. Ɗigon da rabinsa bai yi kama da ɗaya rabin ba, ko gefensa ya baje, ko launinsa ya fi ɗaya, ko faɗinsa ya wuce milimita 6, ko kuma, wanda ya fi duka, yana canzawa, yana ƙaiƙayi, yana jini, ya ƙi warkewa. Gwaggo duk ta cika su ranar da ta fara shiga asibitin unguwa. Takarda ɗaya a manne a bango da hotuna ta isa ta tunatar da wanda ya duba ta. Bangon cike yake da fastocin rigakafi da na tazarar haihuwa, kuma suna da amfani, amma na wannan ko ɗaya babu. 'Yan'uwanmu zabiya ma, da rana ke cin fatarsu har ta zama daji tun suna matasa, wannan layin na watanni suke bi.

Su kuma 'yan mata ana ta yi musu ɓarna ta wata fuskar. Ƙananan baƙaƙen tsirran nan da ke fitowa a kumatu da gefen ido da wuya in shekaru sun fara ja, gado ne a cikin baƙar fata, ba daji ba ne, kuma ba laifi ba ne mace ta so a cire mata. Jikinta ne. Amma fatarmu tana da halin yin tabon da ke toho, wanda yake tasowa ya yi tudu ya wuce inda aka ji rauni, musamman a ƙirji, kafaɗa, haɓa da fatar kunne. Na san amaryar da aka ƙone wa ɗan ɗigo a ƙirji wajen gyaran jiki ana saura 'yan makonni biki. Yau tudun da ke wurin ya ninka ɗigon sau da yawa, yana ƙaiƙayi yana suka, ana ta yi masa allura wata bayan wata, kuma likita ya gaya mata in an yanke shi kawai yakan dawo ya fi na da. Masu dilka da halawa da lalle sana'arsu ce, sun iya, ba wanda ya raina su. Amma wa ya ba su reza da na'urar ƙona fata? Wa ya koya musu bambanta tusar jaki da tawadar Allah da daji? Ba a ma zo maganar kayan aikin da ake ɗauka daga jikin wannan a sa a na wancan ba, ga ciwon hanta na yawo a gari.

Kwalaben da suke amfani da su, ku duba, yawanci babu lambar NAFDAC a jiki, babu sunan abin da ke ciki. Wasu sodar sabulu ce ake kwaɓawa, wasu asid ne tsagwaronsa. A Amurka, a watan Agustan 2022, hukumar kula da abinci da magunguna ta aika wa Amazon da wasu kamfanoni biyu takardar gargaɗi kan sayar da irin waɗannan magunguna, ta ce babu wani maganin cire tawadar Allah da ta amince a sayar wa jama'a kai tsaye. A can katafaren kamfani ake ja wa kunne. A nan ana tallarsu a fili da lambar waya, ana aikawa a tasha har jihohin maƙwabta.

Na san likitocinmu a matse suke. Na ga mutum ɗaya da layin da ya fi ƙarfin mutum goma, na kuma san da yawa sun tattara sun tafi Saudiyya da Ingila. Likitocin fata 'yan ƙalilan ne, kuma a manyan asibitocin birane irin Kano, Zariya, Sakkwato, Maiduguri da Jos ake samun su, wanda ke ƙauye sai ya sayar da akuya kafin ya gan su. A Abujar nan tamu shugabannin Afirka suka taru a watan Afrilun 2001 suka yi alkawarin ware aƙalla kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi ga lafiya. Kasafin tarayyar ƙasar da aka yi alkawarin a cikinta yawanci ko rabin haka ba ya kaiwa. A 2022 an sa hannu a dokar da ta wajabta inshorar lafiya ga kowa, amma Gwaggo da ire-irenta har gobe daga aljihu suke biya. Duk na san wannan. Sai dai talauci bai hana mutum sunkuyawa ya dubi ƙafar mara lafiya ba, bai kuma tilasta wa kowa ya yi wa tsohuwa gatse ba. Kuma aikin kansa ba ya bukatar farfesa. Allurar kashe zafi, wuƙar tiyata, ɗinki kaɗan, kwalbar fomalin, cikin rabin sa'a an gama. Likitan babban asibiti da aka horar zai iya yi, ya aika naman gwaji. Me ya sa sai an tara kowa a ƙofar mutum ɗaya, mai ƙuraje da mai kirci da mai daji duk a layi guda, ba mai tace wanda ba zai iya jira ba?

A ƙarshe likitan tiyata ne ya yanki wurin. Mu da kanmu muka ɗauki kwalbar zuwa ɗakin gwaji, muka biya daban, muka yi ta sintiri kafin sakamako ya fito. Melanoma ce. Likitan ya ce a gabana, "Da a karon farko aka kawo mana shi cikakke, da mun san inda muka tsaya." Yanzu an yanke mata babban wuri a diddige, an ɗebo fata daga cinya an lika, an cire kaluluwar, ana maganar hoton ƙirji da na ciki don a ga ko ya wuce nan. 'Ya'yanta sun sayar da fili. Matar da ba ta taɓa rasa jam'in tarawihi ba yau sai an riƙe ta za ta shiga bayi.

Na bi ofis-ofis in kai ƙarar mutumin da ya ƙone ta. Nan a ce shi ba likita ba ne, don haka ba hurumin wurin ba ne. Can a ce in kawo kwalbar maganin da rasit. Wane rasit? Wani ma cewa ya yi in bar wa Allah. Na bar wa Allah abin da yake na Allah, amma rufe shagon nan aikin gwamnati ne, kuma a buɗe yake, da mata zaune a benci suna jiran layi. Ina kira ga kwamishinonin lafiya na jihohinmu su aika masu duba asibitoci masu zaman kansu su shiga shagunan gyaran jiki da kemis-kemis, su kwashe rezoji da kwalaben nan. Su ba manyan asibitoci umarni a rubuce cewa duk tawadar Allah da ke canzawa ko take jini a gan ta cikin makonni biyu, kada a sake rubuta mata kwalliya a kati, kuma duk naman da aka yanka daga jikin mutum a kai shi gwaji a kuɗin da talaka zai iya biya.