Jirgin sintirin da ba shi da helikwafta, rabin ido gare shi

Ranar 24 ga Nuwamba, 2021, wani jirgin yaƙin ƙasar Denmark mai suna Esbern Snare yana sintiri a Mashigin Tekun Guinea, kudu da gaɓar Najeriya. Ya tashi helikwaftansa samfurin Seahawk ya je ya leƙo wani yanki da jiragen 'yan kasuwa ke bi. Daga sama matuƙan suka hango kwale-kwale mai inji yana tsala gudu, cike da maza, ga dogon tsani kwance a ciki. Masunci ba ya yawo da irin wannan tsani. Kafin dare an yi musayar wuta, an kashe mutum huɗu, an kama huɗu. Abin lura shi ne helikwaftan ne ya gano su, jirgin ruwan ya biyo daga baya.

Na kawo wannan labari ne saboda yadda muke auna ƙarfin sojojin ruwanmu. Duk lokacin da aka sayo sabon jirgi, sai a yi biki a Legas, a yanka ƙyalle, a faɗi tsawonsa da kaurin bindigarsa. Ba a cika tambayar ko akwai jirgi mai saukar ungulu da zai riƙa kwana a kansa ba, alhali a nan ne aikin yake.

Dalilin a fili yake, kuma ba sai sojan ruwa ne zai gane shi ba. Duniya a dunƙule take. Wanda ya tsaya a ɗakin matuƙi mai tsayin mita 20 daga saman ruwa, iyakar ganinsa ba ta wuce kilomita 16 ba. Na'urar rada tana ɗan ƙara masa, to amma kwale-kwalen 'yan fashi ƙarami ne, a ƙasa yake, yana ɓuya tsakanin igiyoyin ruwa. Ga shi kuma yankin tekun da doka ta ba Najeriya ikon cin arzikinsa ya kai mil 200 na ruwa daga gaɓa, wato kimanin kilomita 370. Jirgin sintiri na yau da kullum ko ya ƙure gudunsa bai cika wuce kilomita 40 a awa ba. Helikwafta yana yin fiye da 200. In jirgin dakon kaya ya buga kiran neman agaji daga nisan kilomita 150, jirgin ruwa zai ci kusan awa huɗu kafin ya isa, helikwafta kuwa bai kai awa ɗaya ba. Su kuma masu garkuwa da matuƙa ba sa zaman jiran kowa. Su hau, su fasa ƙofa, su kwashi mutane, su nufi surƙuƙin Neja Delta.

Haka aka yi wa jirgin kwantena Mozart a Janairun 2021, can nesa da gaɓa wajen Sao Tome. Ma'aikatan sun kulle kansu a ɗakin tsira, maharan suka ɓata sa'o'i suna fasa shi, suka kashe injiniya ɗaya ɗan Azerbaijan, suka tafi da Turkawa 15. Sa'o'in nan da suka ɓata su ne suka fi ci mini rai. Lokaci ne da ya ishi helikwafta ya iso, in da akwai shi kusa.

Dole a yi adalci, an samu sauyi. Hukumar IMB mai tattara bayanan fashin teku ta ce cikin ma'aikatan jirgi 135 da aka yi garkuwa da su a duniya a 2020, 130 a wannan mashigi aka ɗauke su. Hare-haren da aka kai rahoto sun sauko daga 81 a 2020 zuwa 34 a 2021. A watan Yunin 2021 Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shirin tsaron teku na Deep Blue na NIMASA, hukumar kula da sufurin jiragen ruwa ta Najeriya, mai dala miliyan 195, wanda ya ƙunshi manyan jiragen ruwa biyu, jiragen sama biyu, helikwafta uku da ƙananan jiragen ruwa masu gudu 17. Sojojin ruwanmu ma sun nuna bajinta tun kafin nan. A 2016 jirgin NNS Okpabana ya bi sawun tankar Maximus da aka sace a gaɓar Abidjan har aka ƙwato ta. Babu mai musun wannan.

Inda nake da ja shi ne, fili a bayan jirgi ba shi ne helikwafta ba. Jiragen sintiri da yawa a duniya suna da dandamalin sauka amma ba su da rumfar ajiya. Ko HMS Trent na Birtaniya, wanda ya zo wannan yanki a 2021 har ya yada zango a Legas, haka yake: dandamali babba, babu rumfa. Helikwafta zai iya sauka ya sha mai ya tashi, amma ba zai yi makonni a kansa ba, domin iskar teku gishiri ce tsantsa. Ƙarfen da ya kwana a waje tsatsa za ta fara cinsa, wayoyin lantarki su lalace. Kullum sai an wanke shi da ruwan daɗi, har cikin injin. Man da yake sha dole a adana shi ba tare da ɗigon ruwa ya shiga ba. Sai makanikai da kayan gyara a cikin jirgin, sai masu kashe gobara da za su tsaya a shirye duk lokacin tashi da sauka, sai jami'in da ke ba matuƙi alama da hannu.

Ita kanta saukar wani ilimi ne daban. Filin jirgin sama na Kano ba ya motsi. Dandamalin jirgin ruwa kuwa yana tafiya gaba, yana hawa yana sauka, yana karkata dama da hagu, ga iska tana murɗawa ta bayan ginin jirgin. Da ƙafafun sun taɓa ƙarfe sai a ɗaure shi nan take, in ba haka ba ya zame ya faɗa ruwa. A ƙara da dare, ko hazon hunturu da ke saukowa daga wajenmu har ya rufe teku a Disamba da Janairu. Matuƙin da ya yi watanni bai sauka a kan jirgin ruwa ba, hannunsa ya yi sanyi, sai an sake gwada shi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mun taɓa cin wannan tuwon. NNS Aradu, wanda aka ƙera a Jamus ya shigo aiki a 1982, ya zo da rumfarsa, kuma an sayi helikwafta samfurin Lynx guda uku domin irin wannan aiki. Jiragen Lynx ɗin sun daɗe da daina tashi, shi kansa Aradu ya shafe shekaru a ɗaure bakin gaɓa. Duk wanda ya taɓa riƙe doki ya san kuɗin saye shi ne ƙarami. Harawa da dusa da kanwa da ɗan barga su ke karya mutum. Mu a gwamnatance mun iya sayen doki, ranar hawa kowa ya gani. Kasafin harawa ne ke fara shan wuƙa idan kuɗi ya yi ƙaranci.

Wani zai ce, me ya haɗa mutumin Gusau ko Maraɗi da wannan, alhali 'yan bindiga na bakin ƙofarsa, kuma in akwai helikwafta can ya kamata a kai shi? Ƙorafin yana da tushe, ban raina shi ba. Sai dai atamfar Kantin Kwari da kayan masarufin Singa da safayar mota, mafi yawansu ta ruwa suka shigo. Kamfanonin inshora suna ɗora wa jiragen da ke zuwa ruwan Najeriya ƙarin kuɗi irin na yankin yaƙi, kuma mai jirgi ba ya biya daga aljihunsa, a kan kaya yake zubawa. Nijar da ba ta da teku, kayanta ta tashoshin wannan gaɓar suke bi. Sannan ɗanyen man da ake sayarwa a raba kuɗinsa ga jihohi 36 duk wata, ta wannan ruwan yake fita. Wanda ya biya albashin malamin firamare a Jigawa, da saninsa ko ba da saninsa ba, ya dogara da tsaron tekun.

Akwai kuma masu cewa jirage marasa matuƙa sun fi araha, su ne na zamani. Wajen leƙen asiri na yarda da su ɗari bisa ɗari, kuma ƙaramin jirgin da ba zai ɗauki helikwafta ba ya kamata a ba shi ko da guda ɗaya. Amma jirgi marar matuƙi ba ya sauke sojoji da igiya a kan tankar da aka kama, ba ya ɗauko matuƙin da aka harba ya kai shi asibiti. Yana gani ne kawai.

Shi kansa labarin Denmark ɗin bai ƙare da daɗi ba. Mutum huɗun da suka kama sun zame musu alaƙaƙai, domin babu ƙasar yankin da ta karɓe su. A Janairun 2022 suka saki uku a cikin ƙaramin kwale-kwale da abinci da mai, na huɗun da aka yanke wa ƙafa aka kai shi Denmark gaban kotu. Bayan 'yan makonni aka kira jirgin gida saboda zaman ɗar-ɗar kan Ukraine. Baƙo ke nan, raɓa ne. Mu kuwa muna da abin da su ba su da shi: dokar yaƙi da fashin teku ta 2019, wadda a ƙarƙashinta wata kotun tarayya a Legas ta ɗaure mutum 10 shekara 12 kowannensu a 2021, kan sace jirgin kamun kifi na China mai suna Hailufeng 11. Kotu muna da ita, jiragen ruwa muna da su, ga wasu biyu an ba kamfanin Dearsan na Turkiyya kwangilar ƙerawa tun 2021.

Don haka idan shugabannin rundunar suka zo kare kasafi gaban kwamitocin sojan ruwa na Majalisar Tarayya, a bar tambayar jirage nawa aka saya. A tambaye su kwana nawa kowane jirgi ya yi a teku bara, cikin waɗannan kwanaki nawa ne da helikwafta a kansa, kuma matuƙa nawa ne a sansanin jiragen saman rundunar na Ojo, a Legas, da ke da shaidar sauka a kan jirgin ruwa da dare.