Haɗin ciwon jiki yana cin ƙodar masu neman na kansu

Duk wanda ya ratsa babbar kasuwar Marwa ko tashar mota a Garwa, a arewacin Kamaru, da la'asar ya san 'yar ledar nan. Ɗan acaɓa ko ɗan dako zai tsaya gaban mai faifan magani ya ce, "Malam, a ba ni haɗin ciwon jiki." Sai a ɓallo masa ƙwaya huɗu ko biyar, ja da fara da ruwan ɗorawa, a ƙulle a leda ba suna ba takarda, ya kora da shayi. Gobe ma ya dawo. A Injamena, babban birnin Chadi, Dokta Shuku ake kiran irin waɗannan masu tallan, cinikin kuwa iri ɗaya ne.

Sau da yawa abin da ke cikin ledar diklofenak ne da ibuprofen, wani lokaci har da asfirin. Dukkansu 'yan gida ɗaya ne, suna hana jiki samar da wani sinadari mai jawo kumburi da raɗaɗi. To amma sinadarin nan shi ne kuma ke kare bangon ciki, shi ke taimaka wa jini ya isa ƙoda. Wanda ya haɗa biyu ko uku bai samu ƙarin sauƙi ba, haɗarin gyambon ciki da zubar jini ne ya ƙaru. Babba bai kamata ya wuce miligiram 1,200 na ibuprofen a rana ba tare da likita ba, diklofenak kuwa iyakarsa 150. Wa ke lissafa wannan a bakin tasha?

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yanayinmu. A watan Maris da Afrilu zafi kan haura digiri 40 a Marwa da Kuseri. Mutum ya wuni yana gumi, ruwan jikinsa ya ragu, ƙoda tana fama, sai a ɗora mata ƙwayar da za ta ƙara rage mata jini. Haka mai azumin da zai buɗa baki da ita kafin ya sa komai a ciki. Ƙoda kuma ba ta cika yin ciwo da wuri ba. Kafin ƙafa ta kumbura, fitsari ya ragu, ɓarnar ta yi nisa, wankin ƙoda kuwa ya fi ƙarfin aljihun ɗan dako. Baƙin bahaya kamar kwalta ko aman jini, wannan na asibiti ne a ranar, ba sai gobe ba.

Akwai waɗanda sai likita ya yarda za su taɓa waɗannan ƙwayoyi: mai gyambon ciki, mai hawan jini, mai ciwon zuciya ko ƙoda, da dattawa. A 2020 hukumar magunguna ta Amurka ta gargaɗi masu juna biyu su guje su daga mako na 20. Yaro mai zazzaɓi ba a ba shi asfirin. Kuma tun da Chadi ta sanar da ɓullar zazzaɓin dengi a Abeshe a 2023, ya kamata mu sani ba kowane zazzaɓi ne na cizon sauron da muka saba ba. A dengi waɗannan ƙwayoyi na iya jawo zubar jini, farasitamol ake sha.

Wasu za su ce a kori masu tallan kawai. An sha kama kaya a ƙona, bayan kwana biyu su dawo, don talakan da ba shi da kuɗin ganin likita dole ya nemi inda zai samu sauƙi da 'yan canjinsa. Ni a ganina haɗin ya kamata a fara yaƙa. Hukumomin lafiya su hana sayar da ƙwaya tsirara ba tare da fakitinta ba, su kuma tara masu tallan ta hannun sarakunan kasuwa a koya musu tambayar mai saye: kana da ciwon ciki? Kina da juna biyu? Kwana nawa kana sha? Gidajen rediyon Garwa da Marwa su maimaita wannan da Hausa da Fulatanci, ƙungiyoyin 'yan acaɓa kuma su faɗa wa mambobinsu cewa ciwon bayan da ya wuce mako guda yana buƙatar a duba shi a asibiti.