Fitilun UV a asibiti: a fara da ɗakunan masu tarin fuka

Tun shekarar 1877 wasu masana biyu a Ingila, Downes da Blunt, suka nuna cewa hasken rana yana hana ƙwayoyin cuta hayayyafa. Fitilun UV-C na yau, masu fitar da wani nau'in haske da ido ba ya gani, suna yin wannan aikin da ƙarfin da ya fi na rana, domin haskensu, mai tsawon zango nanomita 254, yana lalata ƙwayar halittar cutar. Annobar korona ta 2020 ta buɗe kasuwarsu, har asibitoci da dama suka sayi na'urori masu tsada da ake turawa ɗaki su haskake shi bayan an sallami majinyaci.

Irin waɗannan na'urori suna da iyaka. Hasken a miƙe yake tafiya, saboda haka ƙarƙashin gado da duk inda inuwa ta rufe ba ya kaiwa, kuma ƙwayar cutar da ta ɓuya cikin busasshen jini ko majina tana tsira, sai an fara wankewa da gogewa. Haka nan dole ɗakin ya zama babu kowa, tunda hasken yana ƙona ido da fata. Wanda ya san asibitocin gwamnati a Arewa, inda gado ba ya kwana babu mutum, masu jinya kuma na shimfiɗe a ƙasa, ya san wannan sharaɗi da wuya ya cika.

A ganina kuɗin ya fi dacewa da fitilun da ake kafawa can saman bango, sama da kawunan mutane, fanka tana juya iskar ɗakin zuwa gare su don su kashe ƙwayoyin cutar da ke cikinta, ba sai an fitar da kowa ba. Binciken da aka yi a Lima ta ƙasar Peru, aka wallafa a 2009, ya nuna sun rage yaɗuwar tarin fuka ta iska da kusan kashi 70 cikin 100, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar amfani da su a 2019. Najeriya tana cikin ƙasashen da cutar ta fi yawa a Afirka.

Sai dai ƙwan fitilar yakan ci gaba da ba da shuɗin haske bayan ƙarfinsa na kashe ƙwayoyin cuta ya ragu, ƙurar hunturu ma tana dusashe shi. Duk asibitin da zai saya, ya sa na'urar awon ƙarfin haske, da kuɗin canjin ƙwan fitila, da tsayayyar wutar lantarki cikin kasafin tun farko.