Mudun kawuna da tambayar Bilatus

Kawuna, wanda yanzu ya riga mu gidan gaskiya, ɗan kasuwar hatsi ne, kuma mudu biyu gare shi: na saye da na sayarwa. Na sayen cikakke ne. Na sayarwar kuwa an kifa shi an bubbuga gindinsa da guduma har ya lotsa ciki, ta yadda in an cika shi da masara an yi masa tozo, babu mai gane komai sai in ya juya shi. Ina yaro ni nake riƙe masa bakin buhu ranar kasuwa, don haka na san mudun nan kamar tafin hannuna. Kawu dattijo ne a ikilisiya, yana da kujerarsa a sahun gaba, kuma babu waƙar da za a ɗauko a littafin waƙoƙi da bai haddace ta ba.

Wata Lahadi sabon fastonmu, matashi da bai daɗe da fitowa daga makarantar Littafi Mai Tsarki ba, ya karanta Karin Magana 11:1, inda aka ce ma'aunin algus abin ƙyama ne ga Ubangiji. Bai ambaci sunan kowa ba. Muna hanyar komawa gida kawu ya yi shiru har muka wuce rijiya, sannan ya ce, "Yaron nan, wa'azi aka aiko shi ko sa ido a kasuwa?" Sai da na girma na lura da wani abu a maganar: kawu bai ce ayar ƙarya ce ba, bai ce faston ya karkatar da ita ba. Ya san daidai ce, shi ya sa ta yi masa zafi.

Wannan ita ce amsar da bangaskiyar Kirista take bayarwa idan aka tambayi dalilin da ya sa mutane ke ƙin gaskiyar Allah, kuma ni na yarda da ita. Sau da yawa mun ji, mun kuma gane sarai. Abin da ke hana mu shi ne mun ƙiyasta abin da karɓarta zai ci mana, muka ga ya yi tsada. Bishara ta hannun Yahaya 3:19 ta faɗe shi a taƙaice: haske ya shigo duniya, amma mutane suka fi ƙaunar duhu da haske, domin ayyukansu mugaye ne. Bulus kuma a Romawa 1:18 ya yi amfani da kalmar da ta fi dacewa, ya ce mutane suna danne gaskiya. Abin da yake nan, yana motsi, shi ake dannewa.

Sai dai kafin mu yi nisa, me Kirista yake nufi da gaskiya? Kalmar Ibrananci da aka fassara da gaskiya a Tsohon Alkawari, emet, tushenta ɗaya da amin ɗin da muke faɗa bayan addu'a, kuma 'yar uwa ce ga amana da aminci da muka samo daga Larabci. Ma'anarta abin da za ka jingina da shi da dukan nauyinka bai goce ba. Kalmar Helenanci ta Sabon Alkawari kuwa, masana da yawa na cewa asalinta shi ne abin da ba a lulluɓe ba. Sai Yesu ya zo ya haɗa su duka a kansa, ya ce a Yahaya 14:6, "Ni ne hanya, ni ne gaskiya, ni ne rai." A nan al'amarin ya bambanta da lissafi. In ka yarda cewa biyu da biyu huɗu ne, babu abin da zai sauya a gidanka. Amma in gaskiya mai rai ce, tana da ido, tana kiran mutum da sunansa, to karɓarta na nufin ka bari ta shiga har ɗakin da kake ajiye mudu na biyu.

Dubi Bilatus. Mutum ne na tarihi, gwamnan Yahudiya a ƙarƙashin Roma daga wajen shekara ta 26 zuwa ta 36, har an tono wani dutse mai ɗauke da sunansa a Kaisariya a 1961. Yesu ya tsaya a gabansa ya ce ya zo duniya ne domin ya shaidi gaskiya, Bilatus ya ce, "Mece ce gaskiya?" Mutane kan ɗauki wannan a matsayin tambayar mai zurfin tunani. Ni ban ɗauke ta haka ba, domin bai tsaya jin amsa ba, yana faɗa ya fita waje. Kuma gaskiyar da ta shafi aikinsa a ranar ya riga ya san ta: sau uku Yahaya ya rubuta cewa ya ce bai sami mutumin nan da wani laifi ba. Abin da ya karya shi shi ne ihun da aka yi masa cewa in ya sake shi, to shi ba masoyin Kaisar ba ne. Kujera ta shigo cikin maganar. Ya sa aka kawo ruwa ya wanke hannu a gaban jama'a, ya miƙa marar laifi a gicciye shi. Duk wanda ya taɓa zama a ofis aka tura masa takardar da ya san ƙarya ce, ya duba ya ga albashi da kuɗin makarantar yara, sannan ya sa hannu, ya san ruwan nan na Bilatus. Ni na taɓa sa irin wannan hannun, kuma har yau ina tuna ranar da launin biron.

Dimitiriyas na Afisa ya fi Bilatus fitowa fili. Maƙerin azurfa ne, yana ƙera ƙananan siffofin haikalin allahiya Artimis yana sayarwa. Da wa'azin Bulus ya fara rage masa ciniki, ya tara abokan sana'arsa, kuma abin da ya fara faɗa musu, kamar yadda yake a Ayyukan Manzanni 19, shi ne da wannan sana'a muke samun arzikinmu. Sai daga baya ya kawo zancen darajar allahiyarsu. Garin ya ruɗe, aka yi wajen awa biyu ana ihun kirari ga Artimis, marubucin ya ƙara da cewa yawancin taron ba su ma san abin da ya tara su ba. Aljihu ne ya fara magana, sannan aka yafa masa rigar addini.

Akwai kuma wata hanyar ƙi mai laushi, wadda na fi jin tsoro domin ita ce ta mutanen kirki. Filikus, gwamna a Kaisariya, ya sa aka kawo masa Bulus daga kurkuku ya saurare shi, shi da matarsa Durusila. Bulus ya yi magana a kan adalci da kamunkai da hukunci mai zuwa. Filikus ya tsorata, amma bai yi musu ba, bai yi fushi ba. Ya ce, tafi tukuna, in na sami zarafi zan kira ka. Ya yi ta kiransa kuwa suna hira, har shekara biyu, yana sa ran Bulus zai ba shi toshiyar baki, ya kuma bar mulki ya bar shi a ɗaure. Agustin, bishop ɗin Hippo, garin da ake kira Annaba a Aljeriya ta yau, wanda ya rayu daga 354 zuwa 430, ya ba da labarin kansa cewa yana saurayi yakan roƙi Allah ya ba shi tsarki da kamunkai, amma ba yanzu ba, domin yana tsoron kada a amsa masa da wuri. Shi ne kuma ya lura cewa mutane na son gaskiya idan tana haskaka musu, suna ƙinta idan ta tona su. Bahaushe ya ce gaskiya ɗaci gare ta, amma ɗacin ba a harshen kowa yake ba. Huɗubar da ta hana kawu cin tuwon rana, matar da ke sayen masara a wurinsa ta ji ta kamar ruwan sanyi.

Abin da ke damuna da yadda muke tattauna wannan batu a majami'unmu shi ne mun mai da shi zancen mutanen waje. Da an ce masu ƙin gaskiya, sai mu leƙa ta taga. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Alhali in ka bi Littafi Mai Tsarki a hankali, mafi yawan waɗanda suka toshe kunne mutanen cikin gida ne, masu haikali da firistoci da littattafai. Sarki Ahab yana da annabawa wajen 400 da suka ce masa ya tafi yaƙi zai yi nasara. Da Yehoshafat, sarkin Yahuza, ya tambaya ko babu sauran wani, Ahab ya ce akwai Mikaiya, amma na ƙi jininsa, domin bai taɓa faɗin alheri a kaina ba. Ya san wanda zai gaya masa gaskiya, ya san sunansa da na ubansa, shi ya sa bai gayyace shi ba. Sarki Yehoyakim kuwa, a Irmiya 36, yana zaune a ɗakinsa na hunturu da kaskon wuta a gabansa ana karanta masa saƙon Irmiya. Duk sa'ad da aka karanta shafi uku ko huɗu, sai ya sa wuƙa ya yanke ya jefa a wuta, har littafin ya ƙare, kuma babu wanda ya razana a cikin fādawan da ke tsaye.

Mu ba ma ƙona Littafi, muna ɗaukarsa a jakar fata mu je da shi sujada. Amma muna da tamu wuƙar. Ayoyin albarka da buɗi mun ja musu layi da jan biro, na albashin ma'aikaci da aka danne a Yakubu 5:4 kuwa shafinsu fari fat. Ɗan siyasa ya zo bikin godiyar kaka da ambulan mai kauri, a ba shi lasifika, babu mai tambayar inda kuɗin ya fito. Fasto ya taɓa zancen ƙabilanci a zaɓen dattawa, bayan wata uku a ji an yi masa canjin wurin aiki. Bulus ya gaya wa Timoti cewa lokaci na zuwa da mutane za su tara wa kansu masu koyarwa saboda kunnensu na ƙaiƙayi, kuma wayar hannu ta sauƙaƙa wannan ƙwarai: in wa'azi ya fara matsa maka, ka goge shi da yatsa ka nemi wani.

Dole in yi adalci a nan, domin wannan koyarwa tana da haɗari a bakin mai girman kai. Ba duk wanda bai yarda da ni ba ne yake ɓoye zunubi. Akwai mai tambaya da zuciya ɗaya. Nata'ala ya ce wane abin kirki ne zai fito daga Nazarat, garin da Yesu ya girma, Yesu kuwa ya yabe shi da cewa mutum ne marar ha'inci. Toma, almajirin Yesu, ya ce ba zai yarda Yesu ya tashi daga matattu ba sai ya ga gurbin ƙusoshi a hannunsa, aka nuna masa. Ina da maƙwabta da abokan aiki Musulmi da suka riƙe addininsu da gaske, waɗanda mudunsu ɗaya ne, amanarsu kuma ta sha kunyata ni. Sanin zuciyarsu na Allah ne, kamar yadda sanin tawa yake nasa. Sannan akwai waɗanda mu ne muka kore su. Yarinyar da ta girma tana ganin mahaifinta yana jan addu'a a majami'a yana dukan mahaifiyarta a gida, in ta daina zuwa sujada, wa ya ƙi gaskiya a gidan nan? Romawa 2:24 ta ce saboda ku ake saɓon sunan Allah a cikin al'ummai, kuma masu addini aka faɗa wa wannan.

To me zai sa mutum ya fito cikin hasken da ya san zai tona shi? A ganina nan ne zuciyar bishara take. Yahaya 1:14 ta ce Yesu cike yake da alheri da gaskiya, tare suka zo. Mutum yana ɓuya ne domin ya tabbata in aka san shi za a yar da shi. Matar nan ta Samariya a bakin rijiya, Yesu ya gaya mata maza biyar ta aura, wanda take tare da shi yanzu ma ba mijinta ba ne, amma bai tashi ya bar ta ba, ya ci gaba da magana da ita har ya bayyana mata cewa shi ne Almasihu. Ta bar tulunta ta ruga gari tana cewa ku zo ku ga mutumin da ya gaya mini duk abin da na taɓa yi. Abin da ta yi shekaru tana ɓoyewa ya zama abin shelarta. Dawuda ma, da annabi Natan ya ba shi labarin mai arzikin da ya ƙwace 'yar tunkiyar matalauci, ya husata ya yanke hukunci, Natan ya ce kai ne mutumin. Yana da ikon da zai sa a kashe Natan nan take, kamar yadda ya sa aka kashe Uriya, mijin matar da ya ɗauke. Ya ce, na yi wa Ubangiji zunubi. Zunubinsa bai fi na Ahab sauƙi ba, kuma ya sha sakamakonsa a gidansa har tsufansa. Zakka mai karɓar haraji a Yariko bai jira a lissafa masa laifinsa ba. Yesu ya shiga gidansa kawai, shi da kansa ya miƙe ya ce rabin dukiyarsa na matalauta ne, wanda ya zalunta kuma zai mayar masa ninki huɗu.

Kuma ba kowa ke fitowa rana ɗaya ba. Nikodimu, ɗan majalisar Yahudawa, da dare ya fara zuwa wurin Yesu, don kada 'yan majalisa su gan shi. A sura ta 7 ta Bishara ta hannun Yahaya ya ɗan buɗe baki ya ce shari'armu ba ta hukunta mutum sai an saurare shi, aka yi masa ba'a. Sai a sura ta 19, bayan an gicciye Yesu almajirai sun watse, ya fito a fili da kayan ƙanshi na mur da al'ul masu nauyin fiye da kilo 30 ya taya Yusufu na Arimatiya binne shi.

Kawu ya yi kusan shekara biyu yana gaisawa da faston nan sama-sama. Wata ranar kasuwa da asuba, muna ɗaura buhuna a amalanke, ya miƙo mini lotsattsen mudun ya ce in kai wa inna ta riƙa zuba wa kaji dusa. Bai yi mini bayani ba, ni ma ban tambaya ba. Ribarsa ta ragu, na ji yana gaya wa inna haka da daddare ba sau ɗaya ba. Mudun ya yi shekaru a bayan ɗakin girki, kaji na ci a ciki, har tsatsa ta huda gindinsa.