Fanka tana juyawa, allo baƙi ƙirin, mai shago yana danna waya

Kwana huɗu ke nan kwamfutata tana kan tebur kamar gawa. In na danna maɓalli, fanka ta tashi, ƴar fitilar gaba ta kama, shi ke nan. Allo baƙi ƙirin. Da ita nake haɗa katin biki da fosta da kalandar makarantu, da ita nake ciyar da gida, ga aikin mutane na karɓi kafin alƙalami.

Abin da na yi kawai, na canza furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta. Shekara biyar ina fama da Ryzen 5 2600 a kan bod B450 (babban faifan da ake ɗora sassan kwamfuta a kai), aiki ya fara yi mata nauyi, na tara kuɗi na je kasuwa na ba da tsohuwar, na cika kuɗi aka ba ni Ryzen 5 5600. Sai da na tambayi yaron shagon har sau biyu: za ta hau bod ɗina? Ya ce, "Baba, ai duk gurbinsu AM4 ne, ɗora kawai."

Na ɗora. Na shafa man rage zafi, na ɗaure fanka. Shiru. Na cire sandunan RAM (ma'ajiyar wucin gadi) na goge, na mayar ɗaya bayan ɗaya. Na cire ɗan batirin bod ɗin na jira, na mayar. Na duba ƙafafun furosesar da tocilan, ko ɗaya bai lanƙwashe ba. Sai a dare na biyu na gano matsalar: bod ɗin B450 tun 2018 ya fito, jerin Ryzen 5000 kuwa sai ƙarshen 2020. Gurbin ɗaya ne, amma tsohon BIOS, wato ƴar manhajar cikin bod da ke tayar da kwamfuta, bai san sabuwar ba sai an sabunta shi. Bod ɗina kuma ba ya da maɓallin da ake sabuntawa da filas ba tare da furosesa ba. Dole sai da tsohuwar, wadda na bari a hannunsu.

Na koma shagon da rana tsaka. Na yi sallama, ya amsa da kai, idonsa a waya. Na yi masa bayani tiryan-tiryan, na ce ya ara mini tsohuwata na minti ashirin.

"An sayar."

Na ce to ko wata irinta, a gabansa zan yi, ga katin shaidata ya riƙe. Sai a nan ya ɗago, ya dube ni sama da ƙasa.

"Baba, nan ba wurin aro ba ne. Wataƙila ma kai ka ƙona ta. In ba ka iya ba, me ya kai ka buɗe kwamfuta?"

Yaron da na haifi kamarsa! Na ce, ɗana, ba kai ka ce in ɗora ba? Ya jawo rasit ɗina, ya sa yatsa a kan layin ƙasa inda aka rubuta ba a mayar da kaya, ya turo mini shi a kan kanta. Ya ce in kawo kwamfutar, kuɗin dubawa daban, kuɗin aiki daban. Maƙwabtansa suna dariya. Wallahi har na hau adaidaita jikina rawa yake yi.

Kuma me zai hana shi? Wa zai tambaye shi? Wace hukuma ce ta taɓa shiga kasuwa ta tilasta wa mai shago ya tsaya a kan maganarsa? Masu haraji dai ba sa mantawa da ƙofar shagona. Tun da aka saki naira a 2023, dala ta tashi daga ƙasa da 500 ta haura 1,500, ɗan ƙarfen da bai kai tafin hannu ba ya koma kuɗin buhun shinkafa da ɗoriya. Ko yau na samu tsohuwar furosesa, da wace wutar zan sabunta BIOS? A ɗauke ta ana tsakiyar aikin, bod ɗin ma ya mutu. Mu da muka kwashe fiye da mako a duhu a Oktoban 2024, Arewa kusan gaba ɗaya! Sai in sayi fetur in tayar da janareto saboda aikin minti biyar, fetur ɗin da aka cire wa tallafi aka bar mu da alƙawari.

Gobe mai katin biki zai zo karɓa, ɗaurin aure ranar Asabar ne.